Yarinyata ta daina barci tun da aka koya musu ranar shari'a

Maman Saratu, Garwa:
Salama 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya dame ni yau kwana huɗu ke nan. Saratu ta, shekararta bakwai, ta dawo daga makarantar Lahadi jikinta a sanyaye, ko abinci ba ta ci na kirki ba, ni kuma na ɗauka zafi ne don kun san Garwa a watan Afirilu, babba ma ya ji a jikinsa balle yaro. Da dare an ɗauke wuta muka fito da tabarma tsakar gida, wajen ƙarfe ɗaya na farka na ganta zaune ta rungume gwiwa tana kallon sama. Nace lafiya? Tace Mama in aka busa ƙaho yanzu ni ina za a kai ni. Nace wane ƙaho kuma tsakar daren nan. Ashe malaminsu ne ya koya musu ranar shari'a, ya ƙyasta ashana yace kowa ya matso da yatsa ya ji, yace to wannan somin taɓi ne, waccan wutar ba ta mutuwa, kuma duk yaron da ya taɓa lasar sukari a ɓoye ko ya yi wa uwarsa ƙarya an rubuta a littafi. Ita kuwa satin da ya wuce ta ɓoye dala biyar cikin canjin da na aike ta sayen magi ta sha alewa, na yi mata faɗa an wuce wurin, ni har na manta. Jiya fitsarin kwance ta yi, abin da ta bari tun tana shekara uku. Babanta direba ne yana hanyar Duwala sai ƙarshen wata. In je in sami malamin ne, ko in kai wa fasto, ko in bar wa Allah? Ba na so a ce ni ce mai kai ƙara a ikkilisiya.

Danladi mai moto, Marwa:
Haba! Ashana kuma? Anti ki je ki same shi gobe gobe. Mu ma haka aka yi mana, ni dai har na kai shekara goma sha biyu in hadari ya haɗo ya yi tsawa sai in shige ƙarƙashin gado ina ta jero zunubaina da ƙarfi, yayyena suna dariya suna ƙara jin sirrina. Kuma me ya hana? Da na girma na gane tsawa tsawa ce kawai na yi shekara shida ban taka majami'a ba.

Baba Ishaya, Gidar:
Salama ɗiyata. Sannu da jinyar zuciya. Amma ku yaran yanzu ku yi hankali, kada garin gyaran gira a rasa ido. Karin Magana 9:10 ya ce tsoron Ubangiji shi ne mafarin hikima. Ba ni na rubuta ba. Ibraniyawa 9:27 kuma ya ce an ƙaddara wa mutum mutuwa sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta ji nauyin dala biyar a zuciyarta tana shekara bakwai, in ta girma aka ba ta ajiyar kuɗin zumuntar mata ba za ta taɓa ba. Ni na ga dattawa masu furfura suna ƙirga baiko hannu ɗaya na kwano ɗaya na aljihu, da an ƙyasta musu ashana suna yara da ba haka ba.

Danladi mai moto, Marwa:
Baba da girmanku, amma waɗannan dattawan ai su aka fi ƙyasta wa ashana, zamaninku har da bulala ake haɗawa

Baba Ishaya, Gidar:
Danladi zan zo Marwa ranar Litinin kasuwa, ka ɗauke ni kyauta, shi ne hukuncinka.

Anti Rifkatu, Njamena:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, abin da zan ce Maman Saratu kada ki yi mata faɗa kan fitsarin nan ko kaɗan, kada ma ki bari 'yan'uwanta su sani su riƙa tsokanarta. Tsoro yakan dawo da shi ga yaron da ya daina. In ya wuce sati biyu ko tana kukan zafi wajen fitsari to ki kai ta a duba, kada a ɗora wa malam abin da ciwo ne. Baba kuma ina gaisuwa, amma tsoron da ke Karin Magana ni a ganina irin wanda nake yi muku ne, ba zan iya ɗaga murya a gabanku ba amma in na shiga matsala gidanku zan nufa. Wanda aka sa wa Saratu irin na kura ne, wanda in ka ji shi gudu kake yi. 1 Yahaya 4:18 ma ya raba su, ya ce cikakkiyar ƙauna takan kori tsoro domin tsoro yana tafe da azaba.

Katakis Yusufu, Ngaundare:
Salamar Ubangiji ga kowa. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri, don wannan darasin na Matiyu 25 na koyar da shi ya fi sau ashirin kuma na yi kuskure a cikinsa kafin in gane. Baba ya yi gaskiya, wutar tana nan a aya ta 41, ba wanda zai goge ta. Amma ku buɗe ku karanta daga aya ta 31 a hankali ku ga abin da Sarkin ya tambaya. Abu shida ne: na ji yunwa, na ji ƙishirwa, na yi baƙunta, ina huntu, na yi rashin lafiya, ina kurkuku. Shi ke nan. Kuma ko wutar ma ayar ta ce don Iblis da mala'ikunsa aka shirya ta. To yaro ɗan shekara bakwai a ƙasar nan tamu ya san ƙishirwa sarai, ya san baƙo, ya ga maƙwabci kwance da zazzaɓi, in ka ce masa Yesu yana cikin tsohon nan da ke zaune bakin rariya ba wanda ya ba shi ruwa, zai gane nan take har ya tashi ya ɗebo. Makiyayi yana ware tumaki da awaki kuwa ba sai an yi wa yaranmu zane ba, kullum yamma suna ganin Fulani suna yi. Amma mu sai mu tsallake duk wannan mu tafi kai tsaye wajen wuta don ita ce ke sa aji ya yi tsit cikin minti ɗaya. Gaskiya ce mai ɗaci, sau da yawa ba don ceton yaron muke yi ba, don ya yi shiru ne.

Na biyu, wa ke kan kujerar shari'ar? Shi ne wanda a Markus 10 ya ji haushin almajiransa da suka kori yara, ya rungume su ya sa musu hannu. In yaro bai san wannan fuskar tukuna ba aka fara nuna masa kujerar, to an fara ginin daga jinka.

Maman Saratu, Garwa:
Malam Yusufu na gode, wannan na Markus ban ma tuna da shi ba a daren, ni kaina rikicewa na yi, abin da na iya ce mata kawai shi ne kwanta ba yau ba ne. Da safe kuma tace to yaushe ne.

Malam Bitrus, malamin yara:
Tun ɗazu nake karantawa ina haɗiye magana. Ba ni ne malamin Saratu ba, ban ma san shi ba, kuma ashana dai kuskure ne na yarda. Amma kafin ku rataye shi ku zo ku tsaya inda muke tsayawa Lahadi ɗaya tak. Ni yara sun fi tamanin a hannuna, daga mai shekara uku da majina har mai sha huɗu da ya fara gemu, duk ƙarƙashin darbejiya ɗaya, tabarma uku, biyu sun yage. Wasu Fulatanci kawai suke ji, wasu Faransancin lekol wato makarantar boko, wasu Hausa, wasu yaren ƙauyensu, aya ɗaya sai na faɗe ta sau uku kafin in gama na farkon sun fara dambe. Littafin koyarwa babu, wanda nake da shi wani fasto ne ya kawo min daga Mubi tun kafin in yi aure, bangon ma ya cire. Ba a biyana ko sefa ɗaya kuma ban nema ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake koya wa ƙaramin yaro, an dai ga ina da haƙuri aka ce Bitrus kai ne. Ku kuma iyaye kuna ciki ƙarƙashin fanka kuna rawa, in yaro ya leƙo ƙofa mai tsaron ƙofa ya koro shi da tsumagiya. Awa ɗaya a sati nake da su, sauran kwana shida da awa ashirin da uku suna hannunku. Tsakaninku da Allah nawa ne cikinku suka buɗe Littafi Mai Tsarki da 'ya'yansu a satin nan?

Danladi mai moto, Marwa:
Kai Malam ka taɓo inda ke ciwo. Na janye rabin maganata. Rabi dai.

Katakis Yusufu, Ngaundare:
Malam Bitrus ka faɗi abin da ya fi nawa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ba ta ce a kai su wurin malam ba, ta ce ka koya wa 'ya'yanka kana zaune a gida, kana tafiya a hanya, in za ka kwanta, in ka tashi. Mu nan da muke na Luta, ƙaramar katakisma, littafin tambaya da amsa kan bangaskiya, da Martin Luta ya rubuta a 1529 don maigida ya rubuta ta, ya koya wa iyalinsa a gida, amma yau ta koma abin haddar masu shirin tabbatarwa, a yi jarrabawa a ci shinkafa a manta. Ita kanta makarantar Lahadi da ta yaɗu daga Ingila wajen 1780, yaran talakawa masu aiki kwana shida aka tara ana koya musu karatu, ba a yi ta don iyaye su sauke kaya su huta ba.

Mama Laraba, Minawawo:
Salama 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta min ina faɗa mata, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Na ji ana ta cewa shari'a na hana yaro barci, nace bari in faɗi nawa, don ni shari'a ce ta sa nawa ya yi barci.

Mu daga wajen Gwoza muka fito a 2014, ta kan dutse muka bi da ƙafa har muka tsallako, daga baya aka kawo mu sansanin nan kusa da Mokolo. Jikana namiji, Ayuba, yana da shekara biyar lokacin. Shi ba ashana ya gani ba. Ya ga rumbunmu na ci, ya ga majami'armu na ci, ya ga abin da ba zan sa yarinyar nan ta rubuta ba. Wata uku ba ya barci sai ya yi firgigit yana ihu cikin tanti, maƙwabta ma sun saba. Ran nan da dare ina shafa masa baya yace Kaka, mutanen da suka ƙona gidanmu Allah ya gan su? Nace ya gan su ɗaya bayan ɗaya. Yace ya san sunansu? Nace har na iyayensu. Yace zai tambaye su? Nace ranar tana zuwa da zai zaunar da su ya tambaye su ina baban Ayuba, kuma ba dajin da za su shiga. Yaron nan ya ja numfashi ya juya, sai safe.

To ku gani. Mu da aka zalunta ba kotun da za mu je, ba mu da lauya, in kuka cire mana ranar shari'a daga bakin yara me za mu ba su? Yaran nan sun fara sassaƙa bindiga da karan dawa suna cewa in sun girma za su koma su rama. Abin da muke riƙe su da shi ke nan, Romawa 12:19, ramuwa ta Ubangiji ce, ku ajiye karan.

Amma mai wuyar tana gaba. Da ya kai shekara tara ya ji a wa'azi cewa ɓarawon da ke kan gicciye ya sami gafara a ƙarshen ransa, ya dawo yace to in waɗancan ma suka tuba fa? Na daɗe ban amsa ba don ni ma zuciyata ba ta so. Nace in sun tuba da gaske jinin Yesu ya ishe su kamar yadda ya ishe ni. Kwana biyu bai yi min magana ba, abinci ma sai a gidan maƙwabta. Har yau ban ce ya gama haɗiye ta ba, ni ma wata rana takan tsaya min a wuya.

Anti Rifkatu, Njamena:
Mama kin sa ni kuka a wurin aiki. Ubangiji ya ta'azantar da ku.

Baba Ishaya, Gidar:
Laraba 'yar'uwata, sannu. Ba ni da abin ƙarawa. Ni dai abin da nake tsoro ke nan, a wayi gari wa'azi ya zama albarka da buɗi kawai, ba zunubi ba hisabi. Amma na ga bambancin, ke kin nuna wa yaro alƙali mai tsaya masa, wancan an nuna mata alƙali mai farautarta kan dala biyar. Na karɓa.

Katakis Yusufu, Ngaundare:
Abin da Mama ta faɗa shi ne ke Zabura 96 da 98, inda aka ce teku ya yi ruri, itatuwan jeji su yi waƙa, koguna su tafa hannu, don me? Don yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Waƙar murna ce fa ta sujada. Mu ne muka raba su, shari'a muka bar wa yara a gindin bishiya, murna muka kulle a ciki da janareto.

Danladi mai moto, Marwa:
Tunda an zo maganar janareto, don Allah wa ya ce sai lasifika ta fasa kunne kafin Allah ya ji? Majami'armu mutum ɗari da 'yan kai amma akwatin magana huɗu, jariri na goye yana firgita, tsofaffi na toshe kunne da gefen zani, kuɗin man da ake ƙonawa wata ɗaya zai sayi tabarma goma wa su Malam Bitrus. Da kakata na da rai da tulu da shantu da tafi kawai suke waƙa kuma kowa na jin kalmomin.

Monik, Tokombere:
Ni 'yar Katolika ce amma ku bar ni in sa baki. A nan har yau tsofaffi na ba da labarin Baba Simon, fadan da ya zo daga kudu a 1959 yana hawa duwatsun nan ba takalmi, ya rasu 1975. Abin da suka fi tunawa ba wa'azinsa ba ne, zaman da yake yi da mutane ne da yadda ya nace a sa yara lekol. Kakana yace da ƙafarsa ya koya musu kafin bakinsa. Mu kuma yara na zama cikin Mas tare da iyaye, hayaniya kam akwai, amma suna ganin uwa ta durƙusa su ma su durƙusa.

Anti Rifkatu, Njamena:
Wannan na zama tare ina goyon baya. Ko rabin sujada ne a bar su ciki, su ga ubansu na furta zunubinsa da bakinsa. Yarana ba su taɓa sanin babba ma na neman gafara ba sai ranar da na mari babbar kan kofin da ashe ƙaninta ne ya fasa, na dawo na ce mata ki yafe min na yi miki laifi. Ta zaro ido kamar ta ga akuya na magana.

Malam Bitrus, malamin yara:
A Matiyu 21 ma yara ne ke ihun Hosanna cikin Haikali manyan firistoci suka ji haushi, Yesu bai kore su ba. Amma ku je ku gaya wa mai tsumagiyar ƙofarmu.

Maman Saratu, Garwa:
Salama kuma. Na dawo in ba ku labari tunda kun ɗauki abin kamar naku. Ban kai wa fasto ba. Jiya da yamma na je gidan malamin da kaina, na tarar yaro ne ashe, bai fi shekara ashirin ba, yana lise wato sakandare, ajin ƙarshe, yana shirin bak jarrabawar fita, ɗaki ɗaya suke da ƙannensa biyu. Da na gaya masa sai ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, yace Mama ni ma haka aka koya min, na ɗauka haka ake yi. Na ji kunyar fushin da na ɗauko daga gida. Yace zai zo ya gan ta, kuma ya zo yau da safe kafin ya wuce lekol, ya tsuguna daidai tsayinta a bakin murhu yace Saratu na tsorata ki, ki yafe min. Ita kuma ta ɓuya bayan zanina tana leƙensa.

Daren jiya na karanta mata Markus 10 cikin tsohon Littafin Hausa na kakarta, sannan nace dala biyar ɗin nan mun gama da ita, ni na yafe, kin roƙi Yesu ya yafe, ba a tone abin da aka binne. Tace to littafin da aka rubuta fa? Nace an goge. Tace da gom? Nace da abin da ya fi gom. Ta yi barci har da minshari, tabarma kuma a bushe. Yau da rana da kanta ta ɗebi ruwan randa a kofin silba ta kai wa tsohon da ke gyaran takalmi a bakin layinmu, Musulmi ne, yana ta sa mata albarka, ta dawo da gudu tana haki tace Mama wannan cikin shidan ne ko? Sai dai yanzu wata sabuwa ta ɓullo, wai ita tana son awaki fiye da tumaki, me awaki suka yi aka sa su hagu. Malam Yusufu wannan taku ce, ni ta fi ƙarfina.

Na kuma gaya wa shugabar zumuntar mata daga Lahadi mai zuwa zan riƙa zama da ƙananan, 'yan ƙasa da shekara shida, shi ya ji da manyan.

Katakis Yusufu, Ngaundare:
Ki ce mata Malam zai yi bincike. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa min wannan tambayar.

Baba Ishaya, Gidar:
Ki ce mata ta zo Gidar ta ga abin da awakin maƙwabcina suka yi wa gyaɗata bara, za ta gane da kanta.

Danladi mai moto, Marwa:
Malam Bitrus turo min sunan garinku ta akwatin sirri, na sayi tabarma biyu manya na roba, zan ba direban motar safe ranar Juma'a, ka sa yaro ya jira a tasha wajen ƙarfe goma.